Lafiyar Iyali: Daminar mace

Manomin Illela ya san iri ba ya tsira sai ƙasa ta jiƙa. Haka jikin mace yake.

In haila ta ɗauke, gabanta kan zama bushe ƴan kwanaki. Daga nan wani ruwa ya fara fitowa, fari, mai danƙo. Sannan ya tsinke, ya yi garau, ya yi yauƙi tsakanin yatsu kamar ruwan ɗanyen ƙwai. Wannan ce daminarta, lokacin ɗaukar ciki. Maniyyi kan rayu har kwana 5 cikin ruwan nan.

Mai neman haihuwa ta sani, kwanakinta ke nan. Mai son hutu, ita da maigida su haƙura tun ranar da laima ta fara, har kwana 3 bayan santsin ya wuce. In maigida bai yarda ba, dabarar ba ta aiki. Kuma sai an duba kullum, da hannu wankakke.

Ruwa mai wari ko ƙaiƙayi ciwo ne, a tafi likita. Mai goyo kuwa alamunta kan rikice. Ta tambayi unguwarzoma a asibitin Illela tukuna.