Rage ƙiba: kilo 15 a wata guda ba buri ba ne, yaudara ce

Kwanakin baya wata ƙanwata a Gidan Rumji ta yi niyyar zubar da kilo 15 kafin bikinta, alhali saura wata guda. Ta sayi wani shayi da ake tallarsa a TikTok, ta daina cin tuwo da fura, sai ruwan zafi da lemun tsami. Ranar ta tara ta yanke jiki ta faɗi, sai a likita aka ƙara mata ruwa. Kilo uku da ta yi murnar saukewa, yawancinsu ruwan jiki ne da gudawa ta kwashe, kuma ba a yi sati biyu ba suka dawo.

Ban ga laifinta ba. Jiya-jiya a jihar Maradi ƙiba ado ce, alamar miji na kula, har mata na shan ƙwayoyin "sha ka fashe" don su cika zane. Yau waya ta juya ma'auni, kowa na son cikinsa ya lafe cikin sati. Da mai neman ƙiba da gaggawa da mai neman rama da gaggawa, ɗan kasuwa ɗaya ke cin kuɗinsu.

Mu yi lissafi. Kilo ɗaya na kitse na ɗauke da kimanin kalori 7,700. Zubar da kilo 15 cikin kwana 30 na nufin giɓin kalori fiye da 3,800 kowace rana, alhali abin da jikin mace baliga ke buƙata a yini bai wuce kimanin 2,000 ba. Ko ta rufe baki ƙurmus ba za ta kai ba. To, me shayi zai yi?

Abin da likitoci ke ba da shawara shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati. Kuma rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi ya isa ya sassauta hawan jini da sukari. Mai kilo 90, burinsa na farko kilo huɗu da rabi ne zuwa tara, cikin wata shida. Ba zai burge abokan Facebook ba, amma gwiwa da zuciya za su shaida.

Wani zai ce maganar ƙiba a yankin da yara ke fama da tamowa, inda ba a manta yunwar 2005 ba, ai ƙoshi ne. Ban yarda ba. A gida ɗaya za ka iske yaro ya rame, uwa kuma na fama da hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na da ƙiba mai yawa, kuma matsalar ta daɗe da shigowa ƙasashe matalauta. Ciwon sukari a gidan talaka ba ƙaramar masifa ba ce, don maganinsa na kowane wata ne.

Saboda haka a ɗora buri kan abin da hannu ke iya yi. Samari, ku dubi sukarin da ake zubawa a butar shayi a fada, zagaye uku, safe da dare. Hukumar ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce giram 50 a yini, in da hali 25, wato ƙaramin cokali shida. Kwalbar lemu ɗaya ta santilita 33 na da kusan giram 35. Rage shi rabi buri ne da ake iya aunawa. Haka tafiyar ƙafa ta minti 150 a sati, wato minti 30 sau biyar: a bar kabu-kabu in tafiyar ba nisa. Tuwon gero ba abokin gaba ba ne. A rage malmala, a ƙara miya, wake da zogale, a sassauta mai da soye-soye.

Ƴan uwanmu da ke Abijan, Faransa ko Amurka, ku da aiki ya sa kuke cin abin da ya samu a tsaye, wannan lissafi ya shafe ku. Kuma don Allah a daina aiko wa ƙanne ƙwayoyi da shayin rama a matsayin tsaraba. Mai juna biyu, mai shayarwa, da mai ciwon sukari ko hawan jini, su ga ma'aikacin lafiya kafin su canja cimarsu.

Ƙanwata ta yi bikinta da jikinta yadda yake, kuma ba wanda ya fasa rawa. Yanzu da yamma takan taka da ƙawarta zuwa bayan gari su dawo, ta kuma rage sukari a koko. A wata uku kilo huɗu ta sauke, ba su dawo ba. Jikin da ya yi shekaru yana tarawa, a ba shi watanni ya sauke.