Kaya sun tsallaka iyaka, doka ta tsaya bakin duwan

Da zarar hunturu ya kama, daga watan Disamba zuwa Fabrairu, kasuwannin Bande da Magarya da Dungas kan cika da kayan yaƙi da ɗari: risho na gas, hita ta dafa ruwan wanka, murhun ƙarfe da kaskon gawayi. In ban da abin da maƙeran gida suka ƙera, akasarin kayan nan daga Kano suke fitowa, su biyo ta Maigatari ko ta Baɓura, su shigo cikin kwalaye masu ƙyalli. Duk wanda ya tsaya ya jera kwalayen zai ga abin al'ajabi: launi ɗaya, hoto ɗaya, suna kusan ɗaya, sai dai harafi guda da aka sauya ko aka ƙara. Ɗaya na kamfanin da ya yi shekaru yana gina sunansa ne, ɗayan kuwa na wani ne da ya ari rigar mutane don ya shiga biki.

Wasu za su ce wannan rigimar manya ce, kamfani da kamfani, can su ƙarata da lauyoyinsu. Da a ce zane ne ko takalmi, da sai a ce asarar ba ta wuce ta aljihu ba. To amma kayan wuta ake magana. Hitar da aka rage wa kaurin waya zafi take yi har roba ta narke. Rishon da bakinsa bai zauna daidai kan tukunyar gas ba yoyo yake yi. Kuma duk wannan a lokacin da iska ta busar da zana da danni da rumbu. Tun da matatar man SORAZ ta fara aiki kusa da Damagaram a shekara ta 2011, gas ya shiga gidajen da a da ba su san komi ba sai itace da kara. Uwargidan da ta saya ba ta da hanyar gwada ƙarfe ko waya. Sunan da ke jikin kwali shi ne kaɗai shaidarta, in kuwa sunan na aro ne, to ba ta da shaida ke nan.

Ƙasar nan ta riga ta ɗanɗana kuɗar sunan aro. A annobar sanƙarau ta shekara ta 1995, an yi wa mutane fiye da 50,000 allurar rigakafi ta jabu, wadda ke ɗauke da sunayen manyan kamfanonin magani na Turai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar mutum 2,500 da wannan lamari. A 2015 da 2019 hukumar ta sake yin gargaɗi a kan irin wannan rigakafi na jabu a Nijar. Idan har likita zai ruɗu da tambari, yaya ke nan ga manomin da ya sayar da buhun wake ya shiga kasuwa da yamma?

Ba a ce babu doka ba. Nijar na cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OAPI, wadda ke da mazauni a Yawunde, bisa yarjejeniyar Bangi ta 2 ga Maris 1977 da aka yi wa gyara a 1999, aka sake yi mata a Bamako a 2015. A wannan tsari, rajista ɗaya tana kare tambari a dukan ƙasashen har shekara 10, ana kuma sabuntawa. Wanda ya riga ajiye takarda shi ke da suna, kuma mai rajista na iya neman alƙali ya ba da umurnin kame kayan kwaikwayo. A takarda dai babu laifi.

Matsalar ita ce Najeriya, inda kayan ke fitowa, ba ta cikin OAPI. Tana da tata dokar tambari ta 1965 da nata ofishin rajista a Abuja, inda rajistar farko ke ɗaukar shekara 7, sabuntawa kuma 14. Tambarin da aka yi wa rajista a Abuja ba ya da wani ƙarfi a Magarya, wanda aka yi a Yawunde kuma bai san Kano ba. Mai kamfanin da ke Legas ko Kano da wuya ya biya kuɗin rajista sau biyu saboda kasuwar ƙauyen da bai taɓa jin sunansa ba. Saboda haka kwalin jabu da zarar ya wuce shingen ƙarshe, sau da yawa ya shiga ƙasar da babu mai ƙararsa. Mota na ƙetare iyakar nan cikin minti kaɗan, Naira da Sefa na canza hannu a gindin bishiya, aure da zumunta ba su san da ita ba. Doka ce kaɗai ke cire takalmi ta zauna a bakin duwan.

Kotunan maƙwabta sun daɗe da sanin irin wannan shari'a, kuma akwai abin koyo a ciki. A 1961 wani kamfanin sayar da magani mai suna Niger Chemists, mai rassa a Onitsha da wasu garuruwa, ya kai ƙarar wasu da suka buɗe kanti a gari ɗaya da sunan Nigeria Chemists. Alƙali ya hana su amfani da sunan, don ya ga jama'a ba za su bambance ba. (Duk ɗan Nijar da ya taɓa bayyana wa baƙo cewa ƙasarsa daban, Najeriya daban, ba ya buƙatar a fassara masa wannan hukunci.) A 1968 Kotun Ƙoli ta can ta duba maganin yara Castoria da wani da aka raɗa wa Casorina, ta ce ba ido kaɗai ake yaudara ba, har da kunne, domin da baki ake tambayar kaya a kanti. Tun ma a 1931 an yi shari'ar tabar Bandmaster da Barrister: sunayen sun bambanta, amma kowane kwali na ɗauke da hoton Bature cikin kayan aiki, sai kotu ta ce mai saye na iya ruɗewa.

Wannan tsohuwar shari'a ta zamanin mulkin mallaka ita ta fi kusa da halin da ake ciki a Bande, inda da yawa daga cikin masu saye ba su karanta boko. Ba wanda ke zuwa ya ambaci sunan Turanci. Cewa ake yi a ba ni mai jan kwali, ko mai hoton zaki, ko irin na wance. Amma a 2004, a shari'ar kamfanin burki na Ferodo da Ibeto, Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke cewa kalmar Ferodo ita ce tambarin, launukan kwali ado ne kawai, kuma sunan Union da ke kan kayan Ibeto bai yi kama da ita ba. Ta fuskar lauya hukuncin na da hujja. Ta fuskar wanda ke saye da launi kuwa, an bar ƙofa a buɗe: a kwaikwayi duk abin da idonsa ke ganewa, a sauya abin da ba ya iya karantawa.

Ƴan kasuwa na da tasu magana, kuma ya kamata a saurara. Mai tebur a Bande bai ƙera komi ba, bai buga kwali ba. Sari ya yi daga hannun dillali, shi ma dillalin daga wani. Ranar da kaya suka lalace, ba kamfanin Sin ake nema ba, ba babban mai shigo da kaya ba, shi ake tsarewa gaban jama'a, shi ke mai da kuɗi ko ya rasa abokin ciniki. Suna kuma cewa talaka ba ya iya sayen na asali, tun daga karyewar darajar Sefa a Janairun 1994 har zuwa rufe iyaka na 2019 da na 2023 da suka ƙara wa komi tsada. Gaskiya ne. Sai dai araha ba laifi ba ce; sa wa kaya sunan wani shi ne laifi. Mai araha ya zo da nasa suna, a san shi, in ya yi kyau a yaba, in ya ƙone ɗaki a guje shi. Kuma kada a yi wa juna rufa-rufa: akwai masu kanti da suka san bambancin sarai, suna da kwali biyu a ƙarƙashin tebur, suna duban fuskar mai saye kafin su zaɓi wanda za su miƙa, farashi kuwa ɗaya. Wannan algus ne, kuma ba sai an je Yawunde ba kafin a san hukuncinsa. Sarkin kasuwa da ƙungiyar ƴan kasuwa sun isa.

Ma'aikatan hukuma fa? A shingen duwan abin da ake tambaya shi ne kwali nawa, nawa za a biya. Da zarar an yanki takarda, jabu ya zama halattaccen kaya mai hatimin gwamnati. Hukumar ANMC mai kula da ingancin kaya tana Yamai, ofishin da ke karɓar takardun OAPI yana Yamai, tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Bande. Ba a ce a kafa ɗakin gwaji a kowane ƙauye ba. Amma rubuta sunan tambari da ƙasar da aka ƙera kaya a kan takardar duwan, musamman kayan gas da na lantarki, bai fi ƙarfin kowane ofishi ba, kuma da shi ne za a iya bin sawu ranar da aka yi gobara. Akwai kuma hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, wadda aka kafa tun 1971 da mazauni a Yamai. Musayar sunayen tambarin da aka kama da jabu tsakanin Maigatari da Magarya ƙaramin aiki ne a gare ta, in an sa shi cikin ajanda.

Kada kuma a ɗauka sunan baƙi kaɗai ake sacewa. A 2006 wani kamfanin iri na Senegal, Tropicasem, ya nemi OAPI ta ba shi haƙƙi a kan albasa da sunan Violet de Galmi, albasar da manoman Galmi suka gada kaka da kakanni. Sai da manoma da gwamnati suka tashi tsaye kafin kamfanin ya saki sunan, daga baya kuma aka yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da ƙasarsu. Murhun ƙarfe na Mai Sauƙi, wanda aka yaɗa a ƙasar nan tun shekarun 1980 don rage cin itace, shi ma amfaninsa a awo yake: tazarar da ke tsakanin tukunya da bangon murhu. In maƙeri ya yanka tsohuwar ganga da ka, ba da ma'auni ba, suna na nan, sauƙin ya tafi, kuma maƙerin kirki ne ke ɗaukar zagin. Yarjejeniyar Bangi ta tanadi tambarin gamayya domin irin wannan: ƙungiyar masu sana'a ta yi rajistar alama ɗaya, ta rubuta ƙa'idar aikinta, ta hana wanda ya karya ƙa'idar amfani da ita. Kuɗin da ya fi ƙarfin maƙeri ɗaya bai fi ƙarfin maƙeran Magarya da Bande da Dungas ba in sun yi karo-karo, kuma majalisar ƴan kasuwa na da reshe a Damagaram da ya kamata ya cika musu takardun ya kai Yamai.