Ra'ayinmu: Darasin maharban Amurka ga Magarya da Dungas

Tun da Donald Trump ya koma gadon mulkin Amurka cikin watan Janairun 2025, ba a rasa abin muhawara ba a rumfunan kasuwar Magarya da fadodin ma'aikata bayan an tashi daga biro. Wasu suna yaba wa jam'iyyarsa ta Rifablikan, su ce ai masu ra'ayin riƙau ne irinmu, masu mutunta aure da addini da ɗabi'un kaka da kakanni. Wasu kuwa su tuna masu cewa gwamnatin nan ce ta rufe hukumar agaji ta USAID a 2025, wadda ta yi shekaru tana tallafa wa ayyukan lafiya da noma a karkararmu. Kowa da hujjarsa. Sai dai akwai labari guda da ya wuce ba a tsaya kansa ba, alhali ya fi sauran shafar manomin Bande da makiyayin Malawa. Labarin fili ne da maharba.

Cikin watan Yunin 2025, Sanata Mike Lee na jahar Utah, ɗan Rifablikan, ya shigar da wani sashe cikin babbar dokar haraji da kasafin kuɗi ta gwamnati, wanda zai tilasta a sayar da wajen hekta miliyan 1 na filayen gwamnatin tarayya a yammacin ƙasar, da hujjar a gina gidaje. Filayen tarayya a Amurka sun kai kimanin hekta miliyan 260, wato ninki biyu na faɗin Nijar, kuma mafi yawansu a buɗe suke ga talaka da attajiri. Kowa ya yi tsammani ƴan adawa kaɗai za su ɗaga murya. Sai ga maharba da masunta, waɗanda da yawansu Rifablikan suke jefa wa ƙuri'a, sun tashi tsaye. Ryan Zinke na jahar Montana, wanda ya riƙe ma'aikatar da ke kula da waɗannan filaye a wa'adin farko na Trump, ya ce in sashen yana ciki ba zai amince da dokar ba. Kafin watan ya ƙare, Sanata Lee ya janye shawararsa.

Wannan tsayin daka yana da asali. A farkon ƙarni na 20, kisan ba gaira ba dalili ya kusa ƙarar da namun dajin Amurka, har barewarsu mai farar wutsiya ta ragu zuwa kimanin dubu 500. Shugaba Theodore Roosevelt, ɗan Rifablikan kuma riƙaƙƙen maharbi, wanda ya yi mulki daga 1901 zuwa 1909, ya keɓe sama da hekta miliyan 90 don amfanin jama'a. A 1937 majalisa ta yi dokar da ake kira Pittman-Robertson da goyon bayan maharban da kansu. Bisa dokar nan, harajin bindigogin farauta da harsasai, kashi 11 cikin 100, ana raba shi ga jahohi don raya daji, da sharaɗin kada jaha ta karkatar da kuɗin lasisin farauta zuwa wani aiki daban. Yau ana ƙiyasta barewar nan da kimanin miliyan 30. Mai son ya ci naman daji baɗi, shi ya fi kowa tsaron dajin bana.

Kada a ɗauka muna kiran a kwaikwayi Amurka da ido rufe, don kuwa kayan aro ba ya rufe katara. Waɗannan masu ra'ayin riƙau su ne kuma kan gaba wajen kare ƴancin kowa ya mallaki bindiga, wanda aka rubuta cikin tsarin mulkinsu tun 1791, ga shi kuwa a 2021 kaɗai bindiga ta kashe sama da mutum dubu 48 a ƙasar. Mu da muke ganin abin da yawon makamai ya jawo wa ƴan'uwanmu a iyakar Maraɗi da Katsina da Zamfara, ba mu buƙatar wannan gado. Abin da ya dace mu ɗauka shi ne ƙa'idar da suka tsaya a kai, cewa filin da kowa ke mora ba a sayar da shi don kawai an sami mai saye, ko da kuwa ɗan jam'iyyarka ne ya kawo cinikin.

To, ina muka kwana a gida? Ƙidayar 2012 ta nuna gundumomin Magarya da Dungas, waɗanda aka raba a 2011, sun haura mutum dubu 900, kuma suna cikin yankunan karkara mafiya cunkoso a ƙasar nan. Tun daga lokacin jama'a ƙaruwa take, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa. Dattawa suna tuna zamanin da, in kaka ta yi aka kai amfani rumbu, samari sukan fita farauta da karnuka da ƙere, ana kiɗa ana kirari, a komo da zomo da zabon daji da fakara, wani lokaci har da barewa. Yau ɗan farauta kan yini ya komo da kurege ko bushiya, in ya taki sa'a. Gona ta haɗu da gona, burtali ya tsuke, makiyaya ta zama saura. Cikin garuruwa kuma, dandalin da ake kokowa da dambe, da filin da ake sukuwa ran salla, da fagen da yara ke buga ƙwallo da yamma, su ne farkon abin da ido ke kai wa in an tashi yankan fegi.

Wani zai ce ana fama da abinci, wa ke ta wasa? Amsa ita ce, gwanayen kokowar da muke tafa wa a filin Langa-Langa na Damagaram, ko a gasar takobin ƙasa, a rairayin ƙauye suka koyi kamu. Saurayin da ba shi da fagen da zai gwada ƙarfinsa da rana, zai nemi inda zai gwada shi da dare. Burtalin da aka nome kuwa, shi ne faɗan manomi da makiyayi na gobe, shi ne kuma hanyar da dabbobi ke bi zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis. Ɗan kasuwar da ya sayi gefen burtali, hanyar abincinsa ya toshe.

Ba sai mun haye teku neman misali ba, da tsohuwar zuma ake magani. Tarihin baka ya riƙe cewa Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya sa horo mai tsanani kan duk wanda ya sare gawo. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka koma barin tohon gawo cikin gonakinsu, abin da ake kira sassaben zamani, har bincike ya nuna wajen hekta miliyan 1 sun sake yin itace a yankin. Ba umurni aka ba su daga Yamai ba. Sun ga cewa itacen zai amfane su da ƴaƴansu, sai suka tsare shi. Ke nan mutanenmu sun san riƙon amana. Abin da ya rage shi ne a yi wa filin kowa irin riƙon da ake yi wa gonar gado.

Dokoki ma ba su ƙare mana ba. Akwai kundin tsarin karkara na ran 2 ga Maris 1993, wanda ya kafa kwamitocin filaye da ake kira Kofo. Akwai dokar farauta da kare namun daji ta ran 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tanadi lasisi da jerin dabbobin da aka hana taɓawa. Akwai dokar kiwo ta ran 20 ga Mayu 2010, wadda ta kare burtali da makiyaya daga zama mallakar mutum guda. Takarda dai ba ta tsaron fili, sai an sami mai tsaya mata.

Don haka muna kira ga masu riƙe da ragamar kwaminoni, daga Waca zuwa Gushi, daga Sasumburum zuwa Dogo-Dogo, su ƙidaya dandali da filin ƙwallo da burtali da tafkin da ke hannunsu, a kafa masu alamar siminti, a liƙa jerinsu inda kowa zai karanta. Ma'aikacin da aka kawo wa takardar yankan fili ya dubi taswira kafin ya dubi fuskar mai nema. Attajiri ya tambayi asalin fegi kafin ya ƙirga kuɗi. Sarakunan gargajiya su tara shugabannin maharba a sake jaddada hanin sa wa daji wuta da hanin farauta lokacin da dabbobi ke haihuwa. Kuɗin lasisi da tara kuma a bayyana inda suke shiga, a ga wani kaso ya komo dajin da aka karɓe su dominsa.

Sojojin Amurka sun bar Agadas da Yamai a 2024, hukumar agajinta ta rufe a 2025, saboda haka babu baƙon da zai zo ya auna mana burtali. Duk mai cewa shi ɗan ra'ayin mazan jiya ne, ya fara da tsare abin da mazan jiyan suka bar masa. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.