ZAUREN UWARGIDA: "Inna, Karyar Ta Dawo?"



Ran nan maigida ya dawo daga Zariya da wani littafin yara mai hotuna, wai a gwanjon Sabon Gari ya samo shi. Da Turanci yake, labarin dabbobin da aka harba sararin samaniya. Bayan isha'i sai na shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu nan Hunkuyi, ina karantawa ina fassara wa yara.

Abin mamaki ba ya ƙarewa! Ga Laika, karyar da Rashawa suka tsinta a titin Mosko suka harba a 1957. Ga kyanwar da Faransawa suka harba daga hamadar Aljeriya a 1963, ta sauko da ranta. Kunkuru biyu kuwa, duk nawarsu, sun zagayo wata a 1968, kafin ɗan Adam ya kai can. Har gizo-gizo Amurkawa suka kai a 1973, ya kuma saƙa yanarsa. Yara suka fashe da dariya, wai Gizo ya gudu ya bar Ƙoƙi da tuƙin tuwo.

Can sai autana ya ce, "Inna, karyar ta dawo gida?"

Littafin bai faɗa ba, ya dai zana ta tana murmushi cikin taurari. Ni kuwa na sani: zafi ne ya kashe ta cikin 'yan sa'o'i, kuma sai a 2002 aka bayyana wa duniya hakan. Amma don kada ya yi kuka, bakina ya suɓuce na ce, "Ta dawo mana."

Wallahi daren nan ban runtsa ba. A tatsuniya mukan rufe da ƙurunƙus, yaro ya san wasa ne. Wannan kuwa tarihi ne, kuma daga bakin uwarsa ya ji. Ranar da ya gano, da me zai ƙara yarda da ni?

Da safe na kira shi na gaya masa gaskiya. Ya yi hawaye, sannan ya ce, "Allah sarki, ita kaɗai." Tausayin nan ai shi ne tarbiyyar, kuma saura kaɗan in hana shi.

Marubutanmu, soyayya dai kun ƙosar da mu. A taimaka a rubuta wa yara irin wannan da Hausa, amma kada a ɓoye ƙarshen.

Sai fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.