Giwan Ruwa Ɗaya Ba Shi Ne Kogi Ba

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata al'ada da ta fara kafa saiwa a tsakanin masu neman digiri na biyu da na uku a fannin nazarin halayyar ɗan Adam, kuma lokaci ya yi da za a tone ta. Ɗalibi ya raba takardun tambayoyi, ya tara su cikin jaka, sa'an nan ya kai wa mai kwamfuta a bakin makaranta ya ce a yi masa babi na huɗu. Bayan kwana uku a miƙo masa jadawali cike da alƙaluman da ko shi bai san abin da suke faɗi ba. Mu dai ra'ayinmu shi ne, wanda bai fahimci ƙididdigar da ke cikin kundinsa ba, ba shi ne ya yi binciken ba, sunansa kawai aka rubuta a bango.

Wasu kan ce sun gudo daga lissafi ne tun sakandare, don me za a sake ɗora musu shi? Amsa ita ce, tushen ƙididdiga hankali ne, kuma ɗan ƙasar Kabi ya san shi tun yana yaro. A dubi bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Dubban masunta su auka Matan Fada da koma da gora, a ƙarshe a ɗaga giwan ruwa mafi girma a nuna wa jama'a. To, wane Sarkin Ruwa ne zai ce dukan kifayen kogin haka girmansu yake? Mai son sanin gaskiyar kogi sai ya auna manya da ƙanana, ya fitar da matsakaici, ya kuma duba yadda suka saɓa da juna. Wannan shi ne darasi na farko.

Na biyu shi ne zaɓen waɗanda za a tambaya. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tattara amsoshin mutane fiye da miliyan 2, ta ce Landon ne zai ci zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya kayar da shi warwas. George Gallup kuwa, da mutane kaɗan ƙwarai a kan nata, ya faɗi daidai, domin ya fi ta kula da yadda aka zaɓo su. Haka nan wanda ya tambayi 'yan makarantar kwana ɗaya a Birnin Kebbi ba shi da ikon ya ce ga halin matasan jiha, alhali bai ji ta bakin ɗan manomin fadama ko ɗan makiyayi ba.

Na uku, haɗuwar abu biyu ba ta nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan. In an ga yaran da ke da wayar hannu a gida sun fi cin jarrabawa, mai yiwuwa wadatar iyaye ce ta kawo wayar, ita ce kuma ta kawo littattafai da ƙoshi.

Na huɗu shi ne lambar nan ta 0.05 da ake rantsuwa da ita, wadda ta bazu bayan littafin Ronald Fisher na 1925. Ma'anarta ke nan: da a ce babu wani bambanci na hakika, to sakamako irin wannan ko wanda ya fi shi zai fito ta hanyar dace kawai sau 1 cikin 20. Watau wanda ya yi ta jefa koma sau 20 a inda babu komai, ba mamaki ya fito da wani abu sau ɗaya, ya ɓoye sauran 19, ya ɗaga ɗayan yana kirari. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. A 2015 ɗaruruwan masana suka haɗu suka maimaita bincike 100 da aka buga a manyan mujallun wannan fanni. A asali 97 daga ciki sun ce sun sami sakamako mai ƙarfi, amma da aka maimaita, kimanin kashi 36 cikin 100 ne kaɗai suka tsaya. In haka ta sami manyan malamai a Turai da Amurka, ina ga wanda ya sayi babinsa?

Namu nauyin ma ya fi nasu. Wani nazari da Henrich da abokansa suka buga a 2010 ya nuna kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun fannin daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya suke. Ma'aunin damuwa da aka ƙera wa ɗaliban Amurka, in an juya shi zuwa Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Dakarci, sai an gwada an ga ko har yanzu abin da aka nufa yake aunawa. Ba mai iya wannan gwaji sai wanda ya san ƙididdiga ya kuma san mutanensa.

Kada kuma a ɗauka kundi abin ajiya ne kurum. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Aiwatar da ita na bukatar sanin yawan masu lalura da inda suke. Malaman da Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie ke yayewa a Argungu su ne za su zauna da yaranmu. In an gina musu shawara a kan alƙaluman bogi, yaran ne za su ɗanɗana kuɗarsu.

Saboda haka muna kira uku. Jami'o'inmu, tun daga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013 har zuwa Sakkwato da Zariya da Kano, su koyar da ƙididdiga a zangon farko da bayanai na gida, ba a fafe gora ranar tafiya. A ranar kare kundi a nuna wa ɗalibi jadawalinsa, ya bayyana shi da bakinsa. Ƙungiyar ɗalibai ta shirya zaman bita na mako-mako tare da 'yan sashen lissafi, tun da manhajar R kyauta ce, ba sai an sayi SPSS ba. Ku kuma matasan ma'aikata, duk rahoton da ya zo teburinku, ku tambaya: mutum nawa aka tambaya, yaya aka zaɓo su, da wane harshe?

Rashin sani ya fi dare duhu, amma sanin ƙarya ya fi shi haɗari. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.