SUN LEƘA RUMBUNMU DAGA SAMA

Ƴan uwa na rassan jam'iyya, a karanta wannan a taron ranar kasuwa.

Dattawanmu ba su manta kakar gyaɗa ta zamanin Nasara ba. Gyaɗa tamu, gumi namu, amma sikeli na hannun mai saye. Abin da ya faɗa shi ne nauyin buhu. To, sikelin man fetur yau yana sararin sama.

Tun 1972 Amurka ta harba tauraron ɗan Adam mai suna Landsat, yana zagaya duniya yana ɗaukar hoton ƙasa. Kada wani ya ruɗe ku: tauraro ba ya hango mai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da yake nunawa shi ne inda duwatsu suka lanƙwashe, inda ƙasa ta tsage, inda launinta ya sāke. Mai na'urar radar ma yakan ratsa busasshen yashi ya nuna hanyar tsofaffin kogunan da rairayi ya binne. Da wannan kamfani ke sanin wurin da zai aika masu auna ƙasa, kafin ya kashe dukiya wajen haƙa rijiya. Yakan zo teburin ciniki da taswira cikin jaka.

Mu kuwa da me muke zuwa?

An sa hannu da kamfanin CNPC na Sin kan man Agadem a 2008. Matatar Damagaram ta buɗe a 2011, kashi 60 nasu, 40 namu. A 2024 ɗanyen manmu ya bi bututu na kusan kilomita 2,000 ya kai gaɓar teku a Benin. Saura yankuna da yawa da ba a haƙa ba, kuma masu so suna nan tafe.

Masu cewa wannan ilimi ya fi ƙarfin talaka, ƙarya suke. Tun 2008 hotunan Landsat kyauta ne, na Sentinel na Turai ma haka. A Yamai cibiyar AGRHYMET ta daɗe tana duba damina da makiyaya da irin waɗannan hotuna. Idon da ya karanta ciyawa, in an koya masa, zai karanta dutse.

Saboda haka muna neman a horar da ƴaƴanmu wannan aiki a Jami'ar Abdou Moumouni da ta Damagaram. Duk kamfanin da ya auna ƙasarmu kuma ya ajiye wa gwamnati kwafin taswirarsa cif, kafin a ba shi ko taki ɗaya. Kowane reshe ya kai wannan magana gaban wakilin yankinsa, ya kawo mana amsarsa a rubuce.