Inuwar Tambari a Bayan Rubutu

A watan jiya na yi alkawarin za mu ci gaba da maganar koya wa yara alwala da salla, to amma wani abu ya taso a makarantarmu wanda ya sa na ga ya dace in jingine waccan maganar zuwa wata mai kamawa, in Allah ya kai mu.

Wata abokiyar karatuna da muka yi kwalejin ilimi tare, wadda yanzu take shugabantar wata Islamiyyar matan aure a Gummi, ta kira ni nan Anka ta ce wata yarinya ta kawo mata takardar shaidar saukar Alƙur'ani mai ɗauke da sunan makarantarmu, tana neman a ɗauke ta koyar da ajin ƙananan yara. Da ta ce ta buɗe Tabaraka ta karanta, karatu ya tafi daidai, amma da aka matsa sama sai ya tsaya cik. Na ɗauko rajistar masu sauka na duba shekara biyar baya, babu sunanta. Da aka bi diddigi, sai ga abin tausayi. Mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Bukkuyum da 'yan bindiga suka tasa, suka baro komai har da 'yar takardar da malaminta na can ya ba ta, kuma yarinyar ta yi izu ashirin da gaske. Wani ne ya ce wa mahaifiyarta ta kawo kuɗi zai samo mata takarda daga Anka, ita kuwa baiwar Allah ta ɗauka hanyar ke nan, ta sayar da tunkiyarta ta ba shi.

Ban ga laifin uwar ba. Namu na gani. Domin takardar tamu ba ta da komai sai sunan makaranta a sama, da zanen fure a gefe, da layin da ake rubuta suna. Duk yaron da ya iya kwamfuta zai kwaikwaye ta kafin shayi ya huce. Wannan ne ya sa na zauna na koyi sa abin da ni nake kira inuwar tambari, wato wani rubutu ko hoto mai dishi-dishi da ke kwance a bayan ainihin rubutun takarda, ana ganinsa amma bai hana karatu ba.

Kafin mu kai ga kwamfuta, uwargida, ɗauko takardar naira 500 ko 1,000 ki ɗaga ta saitin rana. A wurin nan da yake fari za ki ga hoto ya bayyana a cikin jikin takardar, wanda ba a ganinsa sosai idan tana shimfiɗe. Wannan shi ne na asali, kuma ba da tawada aka yi shi ba. Tun takarda tana jiƙe kamar kunu ake zuba ta a kan wata irin rariya da aka ɗinka wa zanen waya, sai wurin zanen ya fi sauran jikin takardar rashin kauri, haske ya riƙa ratsa shi. Shi ya sa sunan da Turawa suka ba shi yake nufin alamar ruwa. Masu yin takarda na garin Fabriano a ƙasar Italiya ne suka fara shi wajen shekarar 1282.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne abin ba baƙo ba ne a gidajenmu. Yawancin littattafan da malaman ƙasar Hausa suka rubuta da hannu a ƙarni na 19, zamanin su Nana Asma'u, a kan takardar Italiya aka rubuta su, wadda fatake ke ɗaukowa a kan raƙuma ta Tarabulus da Masar su keto Sahara da ita. Wadda ta fi yawa ita ce mai alamar jinjirin wata guda uku a jere, kuma gidan Galvani na Pordenone, a arewacin Italiya, yana cikin waɗanda suka fi yin ta. Har yau masu binciken tsofaffin rubuce-rubuce irin waɗanda ke ajiye a Gidan Arewa na Kaduna suna amfani da waɗannan alamomi wajen ƙiyasta shekarun littafi. Ranar da na fara jin haka, na je na roƙi Baffana ya kwance mini gafakar kakanmu, na ɗaga warƙa ɗaya a tsakar gida da hantsi. Sai ga jinjirin wata uku, babba da matsakaici da ƙarami. Shekara nawa muna ganin gafakar nan a rataye, babu wanda ya sani. In akwai irinta a gidanku ki gwada, amma da busasshen hannu, kuma a hankali, don takardar ta tsufa.

To, na kwamfuta kwaikwayo ne kawai, tawada ce marar ƙarfi da ake bugawa a bayan rubutu. Ga yadda ake sa shi a Microsoft Word, wanda shi ne ake samu a kusan kowane shagon buga takardu. Ko ba ki da kwamfuta ki riƙe bayanin, domin ki iya gaya wa mai shago abin da kike so ba tare da ya juya ki ba.

Idan kin buɗe takardarki, ki duba jerin kalmomin da ke can sama ki danna Design. A ɓangaren dama za ki ga Watermark. In kwamfutar tana ɗauke da Word na 2007 ko 2010, waɗanda har yanzu ana cin karo da su a garuruwanmu, to a ƙarƙashin Page Layout yake. Da kin danna zai nuna miki wasu shiryayyu da Turanci, masu cewa sirri ne ko kada a kwafa. Ki wuce su ki sauka ƙasa ki zaɓi Custom Watermark. Wani ɗan akwati zai buɗe ya ba ki zaɓi biyu, hoto ko rubutu.

In rubutu kike so, ki danna Text watermark, ki goge kalmar da ke ciki ki rubuta taki, da Hausa ma ya yi. A nan ne za ki zaɓi girma da launi, da kuma ko ya kwanta a miƙe ko ya gitta daga kusurwa zuwa kusurwa. Ki tabbata akwai alama a ɗan gidan da aka rubuta Semitransparent, shi ne ke sa shi ya dusashe. Ki lura da haruffanmu masu ƙugiya, domin wasu salon rubutun ba su san su ba, sai ki ga ɗan akwati a madadin ƙ ko ɗ. In haka ta faru ki sauya salon. In kuwa tambarin makaranta ne ko na ƙungiyarku, ki danna Picture watermark, ki ɗauko hoton, ki bar alama a gidan Washout domin ya wanke launinsa. Ni na fi son hoto, don ya fi rubutu wuyar kwaikwaya, musamman idan wani mai hannu ne ya zana shi da alƙalami aka ɗauki hotonsa. Namu wata ɗalibarmu ce mai kyan rubutun Larabci ta zana, allo da tawada da sunan makaranta kewaye.

A nan zan ɗan tsaya, domin akwai abin da nake gani yana ci mini tuwo a ƙwarya. Don Allah kada a sa ayar Alƙur'ani ko Bismilla ko sunan Allah a matsayin inuwar tambari. Na farko, rubutun mutane ne zai hau kansa, har da sifilin wanda ya faɗi jarrabawa. Na biyu, mu duka mun san inda takardun sakamako da rasit suke ƙarewa: a hannun mai ƙosai, ko a bola, ko iska ta kwashe su zuwa kwata. Sunan makaranta da na gari sun wadatar.

Sawa ba ta da wuya, gyarawa ce ke ba mutane ciwon kai. Ni kaina ranar farko na yi ta danna tambarin ina so in matsa da shi sama, ya ƙi taɓuwa kamar an kafe shi. Ashe Word yana ajiye shi ne a cikin sashen kan shafi, can inda ake rubuta abin da ake so ya maimaitu a kowane shafi. Sai kin danna sau biyu a farin filin da ke can saman takarda, za ki ga sauran rubutun ya yi fari-fari. To a lokacin ne in kin danna tambarin zai kamu, ƙananan ɗigo su kewaye shi. Ki ja shi inda kike so. In za ki ƙara masa girma ko ki rage, ki kama ɗigon kusurwa, domin in kika ja na gefe zai baje kamar wainar da aka danne. In kin gama ki danna sau biyu a tsakiyar takarda ki koma aikinki.

Abubuwa biyu kan sa tambarin ya ɓace. Idan takardar sakamako ce mai gidaje-gidaje kuma an cike gidajen da launi, ko da fari ne, launin zai rufe shi, sai an cire. Haka nan idan an raba takarda sashe-sashe, ko an ware shafin farko daban, za ki iya ganinsa a wani shafi ki rasa shi a wani, sai ki shiga kan wannan shafin ki manna shi. In kuma kin fasa gaba ɗaya, a wurin da kika fara akwai Remove Watermark.

Kada ki yarda da abin da idonki ya gani a fuskar kwamfuta. Na taɓa kai takardun sakamakon aji biyu wani shago, guda 64, na biya aka buga duka a tashi ɗaya saboda mai shago yana ƙorafin man janareta. Da na dawo gida na duba, tambarin ya fito baƙi ƙirin ya haɗiye makin yara, ba a bambance 3 da 8. Daga aljihuna na sake biya. Tun daga ranar sai an buga mini ɗaya na fita da ita waje na karanta, sannan a ci gaba. Ki kuma sa a yi fotokwafin wannan ɗayar, domin injin fotokwafi wani lokaci yana ƙara wa tambari duhu, wani lokaci ya shafe shi.

Yanzu ga maganar da bai kamata in ɓoye miki ba. Wannan tambari ba kwaɗo ba ne. Duk wanda ya sami ainihin fayil ɗinki na Word zai cire shi da dannawa biyu, ko ma ya bar shi ya sauya suna kawai, wanda ya fi muni. Saboda haka idan kin gama, ki shiga File, ki zaɓi Save As, ki ajiye takardar a matsayin PDF, ita za ki kai shago ko ki tura ta WhatsApp. Ita ma gwani yana iya taɓa ta, amma ba kowane yaro ba. In a shago aka tsara miki, ki tsaya a kansa ya zuba miki a filashinki, ya goge nasa har daga kwandon sharar kwamfuta kina gani. Ba zargi ba ne, kwamfutar shago hannu da yawa ke taɓa ta. Ki ajiye kwafi a wuri biyu, kuma kada duka su dogara da intanet. Ba mu manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, haka nan 'yan'uwanmu na Gummi sun ga yadda ambaliyar Agustan 2024 ta yi da takardun da ke ƙarƙashin katifa.

Mu a makarantarmu mun haɗa tambarin da abubuwan da injin ba ya iya yi. Kowace takardar sauka yanzu tana da lamba da aka rubuta da biro, wadda ta yi daidai da lambar da ke cikin rajista, sannan hatimi na tawada mai launi da sa hannun mutum biyu. A can ƙasa mun sa lambar wayar makaranta don mai son tabbatarwa. Takardun tambayoyin jarrabawa da ba a gama dubawa ba kuwa muna gitta musu BA A KAMMALA BA, tun ranar da wata malama ta raba wa yara tsohon kwafi mai kurakurai. Masu adashi da masu sayar da atamfa ko turaren wuta daga cikin gida, ku ma rasit ɗinku da takardar farashinku za su amfana da wannan.

Ke kuma uwa, in aka kawo miki takardar makaranta, ko ta ɗanki ce ko ta malamin da za ki ɗauka ya koyar da yara a gida, kada kyan tambari ya ishe ki. Ki nemi lambar, ki aika a tambayi makarantar. In takardar ɗiyarki ta salwanta wajen gudun hijira, ki zo da ita makaranta mafi kusa a saurari karatunta, a rubuta mata shaidar inda ta kai. Ba mu karɓar ko sisi a kan wannan.

Ita yarinyar Gummi, abokiyata ta sa ta a ajin manya, ta ɗora daga izu ashirin ɗinta, kuma tana taya malamar ƙananan yara da yamma. Na ce idan lokacin walimarta ya zo a sanar da ni da wuri, don in nemi motar da za ta bi hanya da rana.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa da maganar alwala. Wassalamu alaikum.